Mai Jera Haruffa

Ni na jera masa haruffa shekara goma sha ɗaya,
a bayan shagon wani Ba'indiye, layin 'yan kifi a Tanga,
inda gumi da tawada suka zama wari ɗaya.
Harafin dalma a juye yake zama,
don haka a juye na koyi karanta duniya,
kai a ƙasa, ƙafa a sama.

Hemedi Sempoli. Siriri kamar sillen kara,
kwat ɗaya gare shi, ita ma ta ɓule a gwiwar hannu.
Da keke yake shiga gonakin katani,
tsiron nan mai ƙaya da ake tufka igiyar jirgi da shi,
ya ƙirgo tafukan da ganye ya tsattsage,
ya ƙirgo sulallan da aka zabtare wa lebura,
ya dawo cikin dare ya ce, "Barnaba, sa wannan da manyan baƙi."

Manyan baƙinmu ba su da yawa.
K uku kacal muke da su,
sai mu rage wa kanun labari fushi don ya shiga akwatinmu.

Ranar da ya rubuta cewa sikelin gandu ɓarawo ne,
ɗan hakin da aka raina ya tsone idon Bature.
Wata tara a gidan yari.
Yana rubutu a bayan takardar sabulu,
ya binne a ƙarƙashin ƙanzon shinkafa,
matarsa Mwanaisha ta kawo mini kwanon,
ina kankarewa ina jerawa.

Da ya fito, a kafaɗa aka ɗauke shi har tashar jirgin ƙasa.
Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba ran nan.
Ina jin ba ta ƙara taɓawa sosai ba.

Zaɓe ya zo, na buga fuskarsa sau dubu huɗu
har na haddace karan hancinsa.
Aka sauke tuta, aka ɗaga tuta,
muka yi kuka a filin ƙwallo, rungume da juna.
Sai Darussalam ta kira shi:
baƙar mota, direba, ofis mai fanka.
Bai ci sisin kowa ba.
Ɗakin haihuwar da ya gina, can jikata ta fara kuka.
A sa wannan ma da manyan baƙi.

Amma wani yaro, Kombo, ya gaji teburinsa,
ya gaji kekensa da taurin kansa,
ya je gonakin nan dai, ya iske sikelin nan dai,
hannun da ke riƙe da shi kawai ya sake launi.
Ya rubuta. Na jera.
Kwana shida sai ga takarda da hatimi:
an rufe jarida don zaman lafiyar ƙasa.
Ban karanta sunan ba.
Na san wutsiyar S ɗin nan,
na daɗe ina bin ta a hasken aci-balbal.

Sau ɗaya na gan shi bayan ya sauka,
a benci bakin teku, ciwon suga ya cinye idonsa.
Ya shafa yatsuna, ya ji kantar dalma, ya ce, "Barnaba ne."
Na jira ya ɗauko zancen. Bai ɗauko ba.
Ya ce, "Kun kuwa samu K na huɗu?"
Na ce a'a. Ya yi dariya har da tari.
Muka sayi gasasshen rogo da barkono muka raba,
ya ɗauki ƙaramin.

Jiya aka kai shi.
Rediyo ta ce gwarzo.
Kombo, da ke facin taya yanzu, ya ce maci amana,
amma na hange shi a bayan sahu, hula a hannu.
Ni an ba ni layi biyu in faɗi nawa.
Na buɗe tsohon akwati, ƙura ta tashi,
na ɗauki H, na ɗauki S,
na tsaya da su a tafi har kwale-kwalen masunta suka dawo.
Duk shekarun nan
ban san dalma tana da nauyi haka ba.